Mayen Ƙarfe a Ƙarƙashin Tsirkiya

Suna biyu Bahaushe ya raɗa wa abin. Ɗaya ta hanyar littafi ya iso: maganaɗisu, daga Larabci, su kuma Larabawa daga Girkawa, waɗanda suka danganta dutsen da wani yanki nasu mai suna Magnesiya. Ko harafin ɗ da ke tsakiyarsa ya isa shaida cewa a bakin malaman zaure ya kwana, kamar ɗalibi da ɗabi'a. Ɗayan sunan kuwa ba daga ko'ina aka kawo shi ba. Wani ne ya ga baƙin abu ya fizgo allura tun bai taɓa ta ba, ya laluba cikin duk abin da ya sani, bai sami mai irin wannan hali ba sai mutum ɗaya, ya ce ai wannan mayen ƙarfe ne. Na farkon shi ake rubutawa a allon makaranta, shi kuma mawaƙan soyayya ke ara in sun tashi yabon idon budurwa. Na biyun shi ke bakin yara da makanikai. Shi ne kuma ya fi tsaya mini a rai, domin suna ne da zargi a cikinsa.

Mai son ganin mayen ƙarfe yana aikin neman abinci, ya leƙa inda 'yan gwangwan ke sauke kaya a wuraren da mutanen Arewa suka yi yawa a Kudu maso Gabas: Diobu a Fatakwal, wajen bakin gada a Anaca, ko Gariki a Inugu. Da wuya ka ga kura ko baro babu baƙin zoben nan manne a jikinsa. Daga bayan matacciyar lasifika ake ɓamɓaro shi, gefensa ya ɗan gutsure, ƙananan ƙusoshi da garin tsatsa sun yi masa gemu. Yaro zai turo kaya da la'asar, gumi ya jiƙe masa riga, ya zaro wani guntun bututu mai ja-ja ya miƙa.

"Maigida, wannan kam jan ƙarfe ne."

"Kawo mu gani."

Dila ya ɗora zoben. Ƙwas, ya manne.

"Kai, yaro, fenti ya ruɗe ka. Wurga shi can cikin 'yan'uwansa."

Abin lura a nan, wanda mayen ya kama shi ne mai araha. Baƙin ƙarfe ne, a tara shi tuli a auna a sikeli. Wanda ya ƙi kamuwa, jan ƙarfe ko tagulla ko alminiyam, shi ake warewa a buhu, shi ake ajiyewa kusa da ƙafa, domin kuɗinsa ya ninka na baƙin ƙarfe sau da yawa. Wato ɗan gwangwan ba don abin da maganaɗisu ke kamawa yake yawo da shi ba, don abin da yake saki ne. Sunan da muka ba shi kamun kaɗai ya gani.

Garuruwan nan uku kuwa garuruwan jita ne. Bahaushen da ya zauna a cikinsu, tun zamanin da layin dogo ya haɗa Fatakwal da ma'adinin kwal na Inugu a 1916, ko zamanin da Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, kunnensa ya sha kiɗan hailaif ko yana so ko ba ya so. A Fatakwal akwai Rex Lawson, wanda ya rasu a 1971. A Inugu akwai Celestine Ukwu. A Anaca ne Prince Nico Mbarga ya zauna da ƙungiyarsa ta Rocafil Jazz, a can kuma kamfanin Rogers All Stars ya fitar masa da "Sweet Mother" a 1976, waƙar da ta zaga Afirka kaf. Ga Oliver De Coque, wanda yatsunsa ke gudu a kan tsirkiya da salon 'yan Kwango har ya rasu a 2008. Mai shayi ya ji su a rediyon maƙwabci, mai suya ya ji su daga cikin otal yana juya tsire a bakin ƙofa. A ƙarƙashin tsirkiyoyin duk wata jitar lantarki da ta yi waɗancan kaɗe-kaɗe, ɗan'uwan zoben ɗan gwangwan ne a zaune.

Makaɗa suna kiran abin fikof, sunan da ke kawo a-kori-kura a zuciyar duk wanda ba makaɗi ba. Ɗan akwati ne da bai kai tafin hannu ba, kwance a gangar jikin jita. Kayan cikinsa biyu ne: maganaɗisu, da siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe. Wayar lamba 42 ake yawan amfani da ita, kaurinta kamar milimita 0.063, bai wuce na gashin kai ba. A fikof irin na Fender Stratocaster ana zagayawa da ita wajen sau 8,000, tsawonta ya kai kimanin kilomita guda.

Na ji wani ya kira shi kunnen jita. Sunan yana da daɗin faɗi, amma abin ba ya ji. In an yi shi da kyau, an tsoma shi a narkakken kaki don wayar ta kame, ko ihu ka kwarara a kansa lasifika ba za ta ce uffan ba. Ga yadda yake aiki. Maganaɗisun yana ara wa guntun tsirkiyar da ke samansa halinsa, sai tsirkiyar ita ma ta zama ƙaramin maganaɗisu. Da an kaɗa ta, sai ta riƙa kusantar naɗin wayar tana nisa, ƙarfin da ke ratsa naɗin yana ƙaruwa yana raguwa, wannan canjin kuma shi ke tayar da lantarki a cikin jan ƙarfen. Michael Faraday ne ya gano haka a Landan a 1831, shekara ɗari kafin wani ya ɗora shi a kan jita. Tsirkiya ta biyar in aka kaɗa ta a sake tana kai da komo sau 110 a daƙiƙa, lantarkin ma sau 110 zai yi, amfilifaya ta ƙarfafa shi, lasifika ta mayar da shi amo.

A nan ne sunan kan titi ya yi daidai fiye da yadda mai raɗa shi ya zata. Abin da ake faɗa game da maye shi ne ba ya taɓa jikin mutum, kurwarsa yake kamawa, mutum yana nan a zaune amma an tafi da wani abu nasa. Ni dai ban taɓa ganin abin da wannan zargi ya haifar ba sai tozarta tsofaffin mata marasa gata. Amma a matsayin bayani, ya zauna wa fikof ɗas: bai taɓa tsirkiya ba, bai ɗauki ƙararta ba, motsinta kawai ya kwashe ya kai wani wuri. Kuma ba kowa yake ci ba. Sa shi a ƙarƙashin izgar dokin goge ko ta kukuma, ko tsirkiyar roba, shiru za ka ji. Shi ya sa mai goge in zai yi wasa a babban taro sai dai a kara masa makirfo. Tsirkiyar ƙarfe kaɗai mayen ya sani. Jan ƙarfen da ke kewaye da shi kuwa, wanda dila ke ajiyewa kusa da ƙafa, ba shi da iko a kansa ko kaɗan, amma ta cikinsa ne muryar take fita.

Sauran duk maganar zama ce: ina aka ajiye maganaɗisun, guda nawa, ina ya fuskanta. George Beauchamp, wanda ya yi jitar lantarki ta farko da ta samu karɓuwa a kasuwa tare da Adolph Rickenbacker a farkon shekarun 1930, manyan maganaɗisu biyu masu lanƙwasa ya sa, suka yi wa tsirkiyoyin rumfa, suna ratsawa ta tsakiyarsu. Leo Fender ya sauƙaƙa abin: 'yan sanduna shida, kowace tsirkiya da nata, a tsaye cikin naɗin wayar, kansu a waje kana ganinsu. A Stratocaster ta 1954 ma ba tsawonsu ɗaya ba, wani ya ɗara wani, domin tsirkiyoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Irin wannan zama shi ke ba da siririn amo mai kaifi, wanda kowane ɗan kaɗi ke fita shi kaɗai tsaf, abin da masu salon Kwango da hailaif ke nema in yatsa na gudu. Kamfanin Gibson ya bi wata hanya a fikof ɗinsa na P-90 a 1946: maganaɗisu biyu a kwance a ƙasan naɗin, sukurorin ƙarfe shida suna ɗauko ƙarfin su kai shi sama. Naɗin ya fi faɗi, bai kai na Fender tsayi ba, amon ya fi kauri, da ɗan gurnani. Jitocin araha da suka cika shagunan kayan kiɗa kuwa, in ka kwance fikof ɗinsu, yawanci sandunan ƙarfe ne zalla, da baƙin maganaɗisu guda da aka liƙa musu da gam a ƙasa. Daga sama ba ka bambance su da na Fender.

Akwai wani abu da duk mai gyaran jita ya sani, wanda sabon shiga ba ya yarda da shi sai ya gani. Tunda kusanci na ƙara ƙarfin amo, sai yaro ya ɗauki sukundireba ya ɗago fikof har ya kusa taɓa tsirkiya. Ƙara kam za ta ƙaru. Amma sai manyan tsirkiyoyin su fara wani irin rawar murya, kamar biyu ne ke faɗa, a yi ta murɗa kunnen jita saiti ya ƙi zama, amon kuma ya riƙa mutuwa da wuri. Maganaɗisun ne ya riƙe tsirkiyar, ya hana ta kaɗawa yadda take so. Maganinsa a mayar da shi ƙasa, tazarar milimita 2 ko 3, wani lokaci fiye. Shi ya sa maganaɗisun niyodimiyam, wanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980 a Japan da Amurka, wanda kuma ya fi kowane ƙarfi, bai kori tsofaffin ba a wannan sana'a. Wanda zai sa shi sai ya yanka ɗan mitsitsi, ko ya ɓoye shi can nesa. Mayen da ya ci ya ƙoshi ba ya da amfani a jita. Ana son wanda zai kama ya kuma saki, kuma harshenmu bai tanadi suna ga irin wannan ba.

Sai matsalar gunji. Naɗin waya ba motsin tsirkiya kaɗai yake kwasa ba, har da na wutar lantarkin da ke bangon ɗaki, da taransifoma, da fitila, da janareta. Wutar Najeriya da Nijar sau 50 take juyawa a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, wannan ne "zuuu" ɗin da ake ji a lasifika kafin makaɗi ya taɓa komai. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan kiɗa a wajen biki ana jan wuta daga janareta ya san shi. Ba wai kunnenmu na ƙin ƙaiƙayin amo ba ne. Mai garaya da kansa yake maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a kan wuyanta don ya riƙa zuza. Sai dai waccan zuzar hannun makaɗi take bi, in ya tsaya ta tsaya. Gunjin wuta ba ruwansa da kowa.

Seth Lover, ma'aikacin Gibson, shi ya yi masa dabara a 1955, aka fara sa wa jitar Les Paul a 1957. Ya jera naɗi biyu gefe da gefe, ya haɗa su yadda lantarkin ɗaya ke tafiya saɓanin na ɗayan. Gunjin da ya shiga wannan ya shiga wancan, sai su kashe juna. To ai da amon tsirkiyar ma ya mutu tare da su, in ba don abu ɗaya ba: maganaɗisu guda ne a kwance a ƙasansu, gefensa na arewa yana ƙarƙashin naɗi ɗaya, na kudu yana ƙarƙashin ɗayan. Gunji bai san da maganaɗisu ba, sau ɗaya aka juya shi, ya soke. Amon tsirkiya sau biyu aka juya shi, a waya da a maganaɗisu, ya dawo daidai, ya ma ƙaru. Masu haɗa fikof da hannu kan ajiye ɗan kamfas a kan teburi don wannan, su kara shi a kan sanda su ga inda allurar ta nufa kafin su liƙa waya. In an yi kuskure, fikof biyu su hau tare, sai ka ji amo ya zama siriri kamar na mai mura.

Na san abin da ke zuwa zuciyar mai karatu da ke zaune a Anaca in ya ji an ce arewa da kudu sun zauna gefe da gefe, hayaniya ta mutu, waƙa ta ƙaru. Wa'azi ne a shirye, sai dai a hau mumbari. Ba zan hau ba. Sunayen nan biyu laƙabi ne kawai da matuƙan jirgin ruwa suka bar wa masana, har ma abin da ke can ƙuryar arewacin duniya, a lissafin maganaɗisu, kudu ne, shi ya sa yake jan arewar allura. Wanda ya ga kashe-kashen 1966, ko ya ga rikicin da ya faru a Anaca a 2006, ya san zaman mutane ba a gyara shi da sukundireba. Kuma dabarar Lover ma ba kyauta ta zo ba: an kashe gunji, amma an rasa wani abu na kaifin amo, har gobe akwai makaɗan da suka gwammace su zauna da gunjinsu.

Wani abin dariya ya biyo baya. Kafin hukuma ta ba Gibson takardar mallakar fasahar, sun riƙa liƙa 'yar takarda a ƙasan fikof ɗin da ke cewa an nemi rajista. Haruffan farko na wannan sanarwa a Turance, PAF, su ne yau sunan amon da ya fi kowane tsada a duniyar jita. Masu kwaikwayonsa da hannu suna ta gardama a kan wane maganaɗisu ne a ciki, alhali waɗanda suka kwance tsofaffin sun tarar ba su zo ɗaya ba, a irin maganaɗisun da a yawan naɗin.

Gardamar a kan alniko take. Sunan guntayen sunaye uku ne aka harhaɗa, alminiyam da nikel da kobal, a kan baƙin ƙarfe, asalinsa kuma binciken Tokushichi Mishima ne a Japan a 1931. Akwai lamba 2, da 3, da 5, da wasunsu. Lamba 5 ya fi ƙarfi, lamba 2 ya fi laushi, lamba 3 kuwa kusan babu kobal a cikinsa sam, amma bai fasa amsa sunan ba. Kobal ɗin nan mafi yawansa daga Katanga ta Kwango yake fitowa, ƙasar Franco Luambo, wanda su ma mutanensa suka yi wa laƙabi da matsafin jita. Da faɗa ya ɓarke a Kolwezi a 1978, farashin kobal ya yi tashin gwauron zabo, kamfanonin lasifika da yawa suka koma ga maganaɗisun da ake gasawa daga garin tsatsar ƙarfe kamar tukwane, baƙi, mai araha, mai saurin gutsurewa. Shi ne zoben da ke manne a baro.

In masu sana'ar suka tashi kwatanta waɗannan, sai su koma aro. Bature zai ce alniko 2 ɗumi gare shi, lamba 5 haske, baƙin kuma sanyi da kaushi. Daga fata da ido yake arowa. Mu daga harshe muka fi arowa: murya mai zaƙi, kiɗa mai gardi, waƙar da ba gishiri. Ko kuma daga jiki, mu ce amo ya yi kauri, ya yi siriri, ya yi nauyi. Babu laifi a aro, da shi ake ciniki, da shi makaɗi ke gaya wa mai gyara abin da ke damunsa. Inda nake ja shi ne a ɗora wa maganaɗisu ɗanɗano kamar a cikinsa yake. Bambancin gaskiya ne, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba, yadda kowane ke shafar naɗin ma ba ɗaya ba. Amma bai kai bambancin yawan naɗi ba, ko na wurin da aka dasa fikof, kusa da wuya ko kusa da gindin tsirkiya, ko na amfilifaya, balle na yatsa. Baƙin maganaɗisu ya yi baƙin jini ne saboda a jitocin araha aka fi saninsa, inda komai ma an yi shi ne a gurguje.

Kalmar "na hannu" ita ma tana son a ɗan tsaya a kanta. Ba wanda ke zagaya waya sau 8,000 da yatsa. Inji ne ke juya ƙwaryar naɗin, hannu kuwa yana riƙe da wayar tsakanin babban yatsa da manuni, yana kai ta hagu da dama, yana jin ta: a ja da ƙarfi ta tsinke, a sassauta naɗin ya yi lagwab. Tunda hannu ba ya jera layi daidai kamar na'ura, zaren yana hawa kan juna a karkace, kuma wannan rashin daidaito yana ɗan buɗe wa amo kaifi. Abigail Ybarra ta shiga kamfanin Fender a 1956, ta yi wannan aiki fiye da shekara 50 kafin ta huta a 2013, har makaɗa suka riƙa neman fikof mai sa hannunta a ƙasa. Duk mai naɗin koyil ɗin fanka ko na janareta a kasuwanninmu ya san wannan ji na yatsa. Wayarsa dai ta fi kauri, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda koyil ɗinsa yake waƙa.

Kiɗan Hausa a Najeriya bai daɗe a kan jita ba. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya zaga duniya, Haruna Uji da gurmi. Bala Miller ya yi hailaif da Hausa a Kaduna, amma da situdiyoyin Kano suka tashi da waƙoƙin fim, kan fiyano suka sauka kai tsaye. Sai ka tsallaka Nijar ne za ka tarar da jitar lantarki ta zama ta gida. A Yamai akwai Tal National, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci. A Agadas, inda Hausa ce harshen kasuwa, jita ce kiɗan biki, daga can Bombino ya fito. Mdou Moctar kuma, kafin ya mallaki ta kanti, da katako da wayar birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko, faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin ta mawaƙan fim ɗin Hausa. Bahago ne, Stratocaster yake kaɗawa yanzu. Bahagwai suna da tasu matsalar da sandunan nan shida masu tsawo daban-daban, domin don na-dama aka jera su: wanda ya kifa jitar na-dama ya sake mata tsirkiya, kamar yadda Jimi Hendrix ya riƙa yi, doguwar sanda za ta faɗa ƙarƙashin tsirkiyar da ba don ita aka yi ta ba. Yau akwai masu naɗi da ke jera su a juye da gangan, su sayar wa na-dama masu neman amon Hendrix.